Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kwamishinonin noma na Kano, Jigawa, Bauchi da Yobe kan kifin da ambaliya ke kwashewa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, muna fatan kuna lafiya, Allah ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku. Wannan takarda daga gare mu take, masunta da masu kiwon kifi da masu ƙyanƙyasar 'ya'yan kifi, tare da wasu malaman harkar kifi da muke aiki da su a kwarin kogunan Hadejia da Jama'are, tun daga Wudil har Gashuwa. Mun haɗa ku ku huɗu a takarda guda saboda ruwan guda ne. Kogin Kano da na Challawa su suka haɗu suka zama kogin Hadejia, shi kuma ya gamu da na Jama'are kusa da Gashuwa suka zama kogin Yobe, wanda ke zubawa a Tafkin Chadi. Kifin da ya kuɓuce daga tafkin kiwo a Kura, in ruwa ya yi ƙarfi, yana iya ƙarewa a Guri ko Nguru.

Duk shekarar da aka yi ambaliya, irin ta 2020 da ta 2022, akan ƙirga rayukan da aka rasa da gidajen da suka rushe da gonakin shinkafar da suka nutse, kuma haka ya dace. Abin da ba a ƙirgawa shi ne kifin da ruwa ya kwashe daga tafkunan kiwo ya watsa a kogi da fadama. In ma an ambace shi, a matsayin asarar mai tafki ake ambatonsa. Ba a tambayar wane iri ne ya fita, nawa ne, lafiyarsa ƙalau ko yana ɗauke da cuta, kuma ina ya nufa. A kan wannan muka rubuto.

Kafin koke, bari mu raba abu biyu da ake yawan cakuɗawa. Fitar kifin kogi zuwa fadama lokacin cikar ruwa ba masifa ba ce, ita ce ma uwar sana'armu. Da ruwa ya fara hawa a Yuli da Agusta, tarwaɗa da karfasa da kawara da bargi sukan bi sabon ruwa su shiga ciyawar da ya nutsar su zuba ƙwai. Bargi har sheƙa yake yi da ciyawa ya tsare 'ya'yansa. Ƙananan su samu abinci da maɓuya, su tasa, in ruwa ya fara janyewa wajen Oktoba da Nuwamba su biyo shi su koma gulbi. Gaiwa kuwa ba ta komawa: takan nutse cikin laka ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har wata damina. Shekarar da ruwa ya yi faɗi ita ce shekarar kamu, kowane masunci ya san wannan. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma shekarun fari, faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a dausayin Hadejia da Nguru ya ragu ƙwarai, sannan ciyawar kachala ta toshe hanyoyi, ruwa ya karkata zuwa reshen Marma da tafkin Nguru, reshen Burum Gana da tsohon kogin Hadejia kuma suka rage samu. Wato yanzu ruwa na zuwa inda bai saba zuwa ba, kuma abin da yake ɗauke da shi ba kifin kogi kaɗai ba ne.

Kokenmu na farko a kan yadda ake haƙa tafkuna ne. Kiwon tarwaɗa ya yawaita, kuma mun yi farin ciki da hakan, matasa da dama sun samu abin yi. Amma mafi yawan tafkunan ƙasa a fadama ake haƙa su, don a nan ruwa yake kusa kuma ƙasar na riƙe shi, ba tare da wata ƙa'ida da ake bi ba. Sai ka ga jinga an tara ta da ƙasar da aka haƙo, har da yashi da saiwoyi, ba a daddaɓe ta ba. Irin wannan jingar ba sai ruwa ya haura ta ba: yakan tsatsa ta ƙasa, ta jiƙe, ta zame cikin dare guda. Bututun fitar da ruwa kuma babu raga a bakinsa, don haka da zarar ruwan waje ya kai tsayin na ciki, bututun ya zama ƙofa. Tarwaɗa ma ba ta jiran jinga ta karye. Tana da wani sashe cikin kanta da take shaƙar iska da shi a wajen ruwa, kuma tana dogara ƙayoyin gefenta ta ja jiki a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ruwan tafki ya ciko har baki a daren da ake sheƙa ruwan sama, za ta bi ta saman ciyawa ta fice.

Ga ɗan lissafi don a ga girman abin. Tafki mai tsawon mita 20 da faɗin mita 10, in an zuba kifi 10 a kowane murabba'in mita, kifi 2,000 ke nan, kuma da yawa suna zuba fiye da haka. Tafkuna 50 irin wannan a fadama ɗaya, kifi 100,000 ne za su shiga ruwa a rana ɗaya. Macen tarwaɗa guda mai nauyin kilo ɗaya tana zuba dubun-dubatar ƙwai, kuma lokacin ambaliya shi ne daidai lokacin zubawarta.

Na biyu, kuma shi ya fi tayar mana da hankali: ba a san abin da ke cikin waɗannan tafkunan ba. Wani zai ce ai tarwaɗa 'yar gida ce, in ta koma kogi gida ta koma. Ba haka abin yake ba. Da yawa daga cikin tarwaɗar da ake kiwo a ƙasar nan zuri'ar wadda aka tace ce a gonakin kifi na Holan, aka dawo da ita don saurin girmanta a kan abincin buhu, kuma sau da yawa iyaye 'yan kaɗan ne ake ta juyawa, uwa da ɗa, wa da ƙanwa. Shi ya sa masu ƙyanƙyasa ke fama da 'ya'ya masu karkataccen baya da masu mutuwa a satin farko. Idan haka ta faru, maganin da muka sani shi ne a koma kogi a samo iyaye na daji a sabunta jini. To in zuri'ar tafki ta cika kogin ta auri ta daji, ina za a koma? Ga kuma ruwa-biyu da ake haɗawa tsakanin tarwaɗa da ramboshi, wani kifi danginta, don ya fi girma da juriya. Gane shi ba wuya: fiffiken bayan tarwaɗa yana tafiya har kusa da wutsiya, na ramboshi yana tsayawa a tsaka sai wani tsoka mai kitse ya biyo baya, shi kuwa ruwa-biyu tsokar tasa gajera ce. Ba duka ne juya ba, wasu suna iya hayayyafa, kuma ruwa-biyu yana cin naman 'yan'uwansa. In ya maƙale a kududdufi ɗaya da 'ya'yan karfasa da kawara, kafin rani ya tsaya ya share su.

Bayan waɗannan akwai baƙi na gaske. Kifin kaf na Turai ya shigo Najeriya tun shekarun 1950 ta gonar kifi ta Panyam a Filato. Wasu masu kiwo sun fara gwada fangasiyus na Asiya. Masu sayar da kifin ado a birane kuma suna da nasu ire-iren. Ba muna cewa waɗannan sun riga sun mamaye kogunanmu ba. Muna cewa ƙofar a buɗe take, kuma ƙasashen da suka bar ta a buɗe sun ga abin da ya biyo baya. A Amurka, a shekarun 1970 aka shigo da kaf na Asiya gonakin kifi na jihar Akansas don su tsabtace tafkuna. Suka kuɓuce, ambaliya ta taimaka musu suka bazu a kogin Misisifi da rassansa, har ta kai tun 2002 ana kunna shingen lantarki a cikin magudanar ruwa kusa da Chikago don kada su shiga manyan tafkunan arewacin ƙasar. A Ostireliya, ambaliyar 1974 da 1975 ce ta watsa kaf a kogunan Mare da Dalin, yau a wasu wuraren shi ne mafi rinjayen nauyin kifin da ke ruwan. Kifi ne mai tonon laka, yana dagula ruwa ya tumɓuke ciyawar da sauran kifaye ke zuba ƙwai a cikinta. A jihar Kerala ta Indiya, bayan ambaliyar Agustan 2018, masunta sun kamo arafaima, ƙaton kifin kogin Amazon, a cikin kogunansu, wanda daga wuraren kiwo da na ado ya fito. Ita kanta tarwaɗar tamu, da aka kai ta Indiya ta kuɓuce, ɓarnar da ta yi wa kifayen can ta sa aka haramta kiwonta. A duk waɗannan wurare babu inda aka iya kwashe baƙon kifi daga kogi bayan ya kafu, duk da kuɗin da aka kashe.

Na uku, cuta. Kifin da aka cunkusa a tafki ya fi kamuwa, kuma in ya fita da cutarsa yake fita. Akwai wata cutar gyambo da wata fumfuna ke haddasawa, tana cin fata har tsoka. An fara ganinta a Afirka a kogunan Chobe da Zambezi a 2006 zuwa 2007, ta bi ruwan fadama ta bazu, kuma tarwaɗa na cikin kifayen da take kamawa. A Ghana, wata cutar bairos da ta ɓulla a tafkin Bolta a ƙarshen 2018 ta kashe karfasar kiwo mai ɗimbin yawa. A wajenmu kuma al'adar da ta zama ruwan dare ita ce in kifi ya mutu a tafki a kwashe a watsa a magudana, a saki ruwan tafkin ya bi ta ƙorama. Ɓarnar tana juyowa ta ɗaya gefen ma. Ruwan ambaliya yakan bar tufi da tsage da tarwaɗar daji, masu cin ƙananan kifi, a cikin tafkin kiwo. Mai tafki in bai busar da shi ba ya zuba sababbin 'ya'ya, bayan wata biyu ya tarar rabi babu, sai ya ɗora laifin a kan wanda ya sayar masa.

Na huɗu shi ne abin da ke faruwa bayan ruwa ya janye. Kifi yakan maƙale a kududdufai da ramukan bulo da gefen titi da gonakin shinkafa, a garuruwan da ba su da masunta kuma ba su da sarkin ruwa da zai tsawata. Ruwan yana raguwa yana ɗumama, iskar da ke cikinsa tana ƙarewa, musamman da asuba, shi ya sa za ka ga karfasa sun taso sama suna haki kafin rana ta fito. A nan ne ake aika-aika. Wasu su ja gidan sauro su kwashe har 'ya'yan da ba su kai yatsa ba. Wasu su zuba magimfa, tsiro mai guba ga kifi, wasu kuma maganin ƙwari na gona ko gamalin, wanda ke kashe komai, ya zauna a tsokar kifin, a yi bandarsa a kai kasuwa, a kuma bar ruwan da shanu da yara za su sha. A hanyoyin da kifi ke bi ya koma gulbi kuma a kafa dumba, wato shingen tare kifi, daga gaɓa zuwa gaɓa, babba da ƙarami babu mai wucewa. Dokar kamun kifi a koguna da tafkuna ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki, ta kuma sa iyakar idon raga a milimita 76, kusan inci 3. Dokar tana nan, mai duba ta a bakin ruwa ne ya yi ƙaranci. Sannan akwai bokiti: mutum ya tsinci kifin da bai taɓa gani ba, ya burge shi, ya ɗauka a mota ya kai dam ɗin garinsu. Ta haka kifi ke tsallaka tudun da ambaliya ba za ta iya tsallakawa ba, daga ruwan da ke gangara Chadi zuwa wanda ke gangara Kwara.

Ranku ya daɗe, ga abin da muke roƙo.

A yi rajistar tafkunan kiwo da wuraren ƙyanƙyasa, kyauta, don in an sa kuɗi mutane za su ɓoye. Takarda ɗaya ta isa: inda tafkin yake, girmansa, irin kifin da ke ciki, daga ina aka sayo 'ya'yan, wane wata aka zuba. Malaman gona da sarakunan ruwa da bulamai za su iya cika ta. Duk wanda ke riƙe da irin da ba na kogunanmu ba, a hana shi tafkin ƙasa a fadama, sai dai kwamin siminti ko tankin tamfol a kan tudu, kuma ruwan da zai saki ya bi ta raga ya zuba a ramin da ba ya haɗuwa da ƙorama.

A fitar da ƙa'idar ginin tafki da Hausa da Kanuri da Bade, a karanta a rediyo. Abin da ya kamata ta ƙunsa ba mai tsada ba ne. Jinga ta ɗara alamar da ruwan 2022 ya bari a bishiyoyi da bangaye da aƙalla rabin mita. A gina ta da yumɓu, hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce santimita 20, a jiƙa a daddaɓe kafin a ɗora na gaba. Gefenta ya kwanta, duk mita ɗaya na tsayi a ba shi mita 2 na kwanciya, a dasa ciyawa mai bin ƙasa a kai, kada a dasa bishiya don saiwa na buɗe wa ruwa hanya. Ruwan ciki ya tsaya rabin mita ƙasa da bakin jinga. Kowane bututu, na shiga da na fita, a ɗaura masa raga, a riƙa wanke ta kullum, don in ta toshe ita ce za ta sa tafkin ya tumbatsa. A kewaye tafkin da raga mai tsayin mita ɗaya, a binne gindinta santimita 30, a kafa turke duk bayan mita 2, a lanƙwaso samanta ciki. Inda aka fi kuskure shi ne gindin: in ba a binne ba, tarwaɗa ta ƙasa take bi.

A daidaita lokacin zuba kifi da lokacin ruwa. Tarwaɗa na ɗaukar wata 5 zuwa 6 kafin ta kusa kilo. Sanyin hunturu yana hana ta ci, don haka mai tafkin fadama ya zuba a ƙarshen Fabrairu in zafi ya fara, ya kwashe kafin Yuli ya ƙare, ko da bai kai girman da yake so ba, masu banda za su saya. Daga Agusta zuwa Oktoba tafkin fadama ya zauna babu kifi. Hukumar NIHSA, mai tattara bayanan ruwa ta tarayya, tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. A kai wannan bayani ga masu tafki kamar yadda ake kai wa manoman shinkafa. Muna kuma roƙon ku zauna da Hukumar Raya Kogunan Hadejia da Jama'are a tsara yadda sanarwar sakin ruwa za ta riƙa isa ga masu kiwo kwana 3 kafin lokaci. Kwashe tafki ɗaya aikin yini ne, a rage ruwa, a ja taru, a auna, sannan ga neman mai saye. Sanarwar sa'o'i kaɗan ba ta isa wannan.

Bayan ambaliya, kada a bari a sake zuba 'ya'ya sai an tsiyaye tafkin, an bar shi ya bushe har ƙasa ta tsage, an barbaɗa farar ƙasa mai zafi kimanin giram 200 a kowane murabba'in mita, an jira sati 2. Mataccen kifi a binne shi a rami mai zurfi nesa da ruwa, a zuba masa farar ƙasa. Sababbin iyaye da aka sayo daga wata jiha a keɓe su sati 3 a tanki daban, da nasu bokiti da nasu raga.

A kafa 'yan ceton kifi a garuruwan da ruwa ke barin kududdufai, a ƙarƙashin sarakunan ruwa. Aikin da sassafe ake yinsa kafin ruwa ya ɗumama. Manya a ci ko a sayar, wannan haƙƙin mutanen garin ne. Ƙananan kifin kogi a zuba su a jarkar lita 25 da aka yanke samanta, ruwa rabi, kada a cunkusa, a rufe da ganye, a mayar da su gulbin da ya fi kusa, ba wani kogi dabam ba. Ruwa-biyu da duk wani baƙo, da duk mai gyambo a jiki, kada a mayar. Dumba kuma a tilasta barin kashi ɗaya cikin uku na faɗin hanyar a buɗe. Mai zuba guba a gurfanar da shi, don wannan ya wuce maganar kifi, maganar ran mutane ce.

Daga ƙarshe muna roƙon a riƙa duba abin da ake saukewa a kasuwannin kifi na Wudil da Hadejia da Nguru da Gashuwa daga Oktoba zuwa Janairu. A ba da lambar waya ɗaya a kowace jiha wadda masunci zai tura hoto ta WhatsApp in ya kamo abin da bai sani ba, a gaya masa ya ajiye kifin a ƙanƙara ko gishiri, kada ya sake shi, a biya shi kuɗin kifinsa in an zo karɓa. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa da jami'o'in Bayero da Dutse da Gashuwa suna da masanan da za su tantance. Abin da suka gano a sanar da mu, a kuma sanar da 'yan'uwanmu na Borno da na Diffa a Nijar, tunda kogin Yobe ta ƙofarsu yake bi.

Mu a namu ɓangaren a shirye muke mu ba da mutane da kwalekwale don ƙirgar tafkuna, mu kuma fara da namu. Muna roƙon ku kira mu zama ɗaya, jihohin huɗu tare, kafin ruwan Yuli ya sauko.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya kare mu daga sharrin ruwa.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Masunta da masu kiwon kifi na kwarin Hadejia da Jama'are